Milisakan ɗaya, taki biliyan 500: injunan da aka ƙera don kallon motsin molekul

A shekarar 1977 wasu masana uku a Jami'ar Harvard, Andrew McCammon da Bruce Gelin da Martin Karplus, suka sa kwamfuta ta kwaikwayi motsin wani ƙaramin furotin mai suna BPTI. Abin da suka iya gani na rayuwarsa bai wuce kimanin pikosakan tara ba, shi kuwa pikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan guda. A 2010 wata tawaga a birnin New York ta wallafa sakamakon kwaikwayon wannan furotin dai, amma nata ya kai milisakan ɗaya cur (kashi ɗaya cikin dubu na sakan), wato ninki sama da miliyan 100. Wani kaso na wannan tazara ya samu ne daga bunƙasar kwamfutoci na gama-gari, wadda kowa ya ci moriyarta. Ragowar kuwa ta fito daga wani inji da bai iya komai a duniya ba sai wannan aiki guda. Sunansa Anton, an raɗa masa sunan Antonie van Leeuwenhoek, ɗan ƙasar Holan da ya fara hango ƙananan halittu ta madubin ƙara girma a ƙarni na 17.

Kafin a gane dalilin da zai sa mutum ya kashe dukiya mai yawa wajen ƙera kwamfutar da aiki ɗaya kawai ta sani, sai an fara sanin aikin kansa.

Furotin ba tsayayyen abu ba ne kamar yadda ake zana shi a littattafai. Sarƙa ce ta dubban atam da ke naɗewa, tana lanƙwasa, tana buɗe wani lungu ta rufe wani, duk a cikin ruwa mai tunkuɗarta ta kowane ɓangare. A cikin wannan motsi ne aikinsa yake. Magani ma sau da yawa yakan yi tasiri ne saboda ya samu wani gurbi a jikin furotin ya maƙale, kuma wani gurbin ba ya buɗewa sai na ɗan ƙanƙanin lokaci. Na'urorin ɗakin gwaji suna ba da siffa a tsaye, ko matsakaicin halin miliyoyin molekul a haɗe (molekul shi ne rukunin atam da suka ƙullu da juna, kamar furotin ɗin kansa). Mai son ganin kowane atam yana tafiya, sai ya koma ga lissafi.

Lissafin a kansa ba shi da sarƙaƙiya. Ana ba kwamfuta matsayin kowane atam da saurinsa. Ta auna ƙarfin ja da na turi da ke kan kowanne daga sauran, sannan ta bi dokokin motsi na Newton ta matsar da kowa gaba kaɗan. Sai ta sake daga farko. Berni Alder da Thomas Wainwright sun yi irin wannan tun 1957, Aneesur Rahman kuma ya yi shi a 1964 da atam 864 na sinadarin agon a yanayin ruwa. Tun daga lokacin tsarin bai sauya sosai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne a kalmar "kaɗan". Atam ɗin haidurojin da ke maƙale da wani atam yana karkarwa, yana kai da komo sau ɗaya a cikin kimanin femtosakan goma. Femtosakan kashi ɗaya ne cikin dubu na pikosakan. Idan takin lissafi ya yi faɗi, atam biyu za su faɗa cikin juna, ƙarfin turi ya haura hankali, kwaikwayon ya tarwatse. Saboda haka yawanci ba a wuce femtosakan biyu a kowane taki, ko huɗu idan an yi wasu dabaru. Abubuwan da masana ke son gani kuwa, kamar naɗewar furotin ko shigar magani gurbinsa, suna ɗaukar maikirosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan) zuwa milisakan, wasu ma fiye. Maikirosakan ɗaya taki miliyan 500 ne. Milisakan ɗaya taki biliyan 500. Kwamfutar da ke yin taki dubu a kowane sakan, ba dare ba rana, za ta shafe kusan shekara 16 kafin ta kai milisakan guda.

Mai karatu zai ce to a ƙaro kwamfutoci mana, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gaskiya ne, amma akwai iyaka, kuma wannan iyakar ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya. Ana iya raba atam ga kwamfutoci dubu, kowace ta riƙe nata yanki na akwatin ruwan. Lokaci ne ba ya rabuwa. Ba a fara taki na goma sai an gama na tara, domin sakamakon na tara shi ne mafarin na goma. Kuma a kowane taki dole kowace kwamfuta ta sanar da maƙwabtanta inda atam ɗinta suka koma, ta jira nasu labarin. Idan aka ci gaba da ƙara yawan kwamfutoci a kan furotin ɗaya, sai a kai inda kowace ke gama ɗan aikinta nan take, ta zauna jiran saƙo. Daga nan ƙari ba ya ƙara komai, wani lokaci ma rage gudu yake yi. Shi ya sa manyan kwamfutocin duniya suka ƙware wajen kwaikwayon abu mai girma na ɗan gajeren lokaci. A 2013 tawagar Klaus Schulten a Jami'ar Ilinoi ta kwaikwayi ɓawon ƙwayar cutar HIV, atam miliyan 64, a kan kwamfutar Blue Waters. Girma ya samu. Tsawon lokaci kuwa wani sha'ani ne daban. A 1998 Yong Duan da Peter Kollman sun shafe watanni a kan babbar kwamfutar Cray mai ƙwaƙwalwa 256 kafin su samu maikirosakan ɗaya na wani ɗan guntun furotin, kuma a zamanin abin ya zama gagarumin labari.

Mafi yawan wahalar kowane taki tana wuri ɗaya: auna ƙarfin da ke tsakanin atam biyu da ba su haɗe da juna ba. Atam 100,000 na nufin kusan biliyan biyar na irin waɗannan tagwaye. Ba a auna su duka kai tsaye. Ana shata da'ira mai nisan kimanin nanomita ɗaya (kashi ɗaya cikin biliyan na mita) daga kowane atam, a lissafa waɗanda ke ciki ɗaya bayan ɗaya, su kusan 400 a cikin ruwa. Ƙarfin cajin lantarki kuwa yana kai wa nesa, ba a iya yanke shi haka kawai, don haka ake bin wata dabara da ta samo asali daga aikin Paul Ewald na 1921, wadda Tom Darden da abokan aikinsa suka sabunta a 1993. A wannan dabara ana baza cajin a kan raga, a warware na nesa gaba ɗaya. Ta rage lissafi ƙwarai, sai dai tana tilasta wa dukkan kwamfutocin su yi magana da juna, na kusa da na nesa, abin da ke ƙara dagula matsalar jira.

To ga aiki nan: lissafi iri ɗaya tak, ana maimaita shi sau tiriliyoyi. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta gama-gari, wato CPU, an gina ta ne don ta iya komai. Babban kaso na cip ɗinta yana tafiya wajen karanta umarni, da hasashen umarnin da zai biyo baya, da ajiyar bayanai na kusa. Ɓangaren da ke yin ainihin tarawa da ninkawa ƙarami ne. Idan mutum ya san tun farko lissafin da zai yi har abada, zai iya watsar da duk wannan, ya shimfiɗa lissafin kansa a jikin silikon kamar layin masana'anta: matsayin atam biyu ya shiga ta wannan baki, ƙarfin da ke tsakaninsu ya fito ta wancan, ga wasu tagwayen na biye a baya ba tsayawa.

Masana taurari ne suka fara cin ribar wannan tunani sosai. A 1989, a Jami'ar Tokyo, tawagar Daiichiro Sugimoto da Junichiro Makino ta haɗa GRAPE, allon lantarki da ke lissafa jan da taurari ke yi wa juna kawai. Da yake jan taurari da jan cajin lantarki duk suna raguwa da nisa bisa ƙa'ida iri ɗaya, sai aka karkatar da fasahar zuwa ga molekul. Daga nan aka samu jerin MDGRAPE a cibiyar bincike ta RIKEN a Japan, har MDGRAPE-3 na 2006 da aka ƙiyasta ƙarfinsa da lissafi tiriliyan dubu a sakan guda. Amma waɗannan alluna suna da wani rauni. Su dai nasu shi ne lissafin tagwaye, sauran aikin yana hannun kwamfuta ta gama-gari da aka jona su da ita. Gene Amdahl ya riga ya faɗi abin da zai biyo baya tun 1967: idan ka gaggauta kashi 90 cikin 100 na aiki har ya zama kamar ƙiftawar ido, ragowar kashi goman nan za su hana ka wuce ninki goma. Ga kuma lokacin da ake ɓatawa wajen kai bayanai allo da dawo da su a kowane taki.

Abin da ya bambanta Anton shi ne masu shi sun ɗauki darasin Amdahl da gaske. David Shaw ya taɓa koyar da ilimin kwamfuta a Jami'ar Kolombiya, ya kafa kamfanin zuba jari a 1988 ya yi arziki, sannan ya koma bincike ya kafa D. E. Shaw Research, wato tawagar New York ɗin nan da aka ambata da farko. Tawagarsa ta ɗora taki gaba ɗaya a kan cip ɗinta, daga lissafin tagwaye har zuwa matsar da atam, ba abin da ake miƙa wa wata kwamfuta ta waje. Anton na farko, wanda ya fara aiki a 2008, yana da cip 512, kowanne yana ɗauke da layukan lissafi 32 na tagwaye, da wasu ƙananan ƙwaƙwale masu karɓar umarni don sauran aikin. An jera su a tsari mai tsawo da faɗi da zurfi daidai da akwatin ruwan da ake kwaikwaya, kowane cip yana haɗe kai tsaye da maƙwabtansa shida.

A ganina abin da ya fi cancantar yabo a wannan inji shi ne wayoyinsa, fiye ma da cip ɗin. Saƙo yana tashi daga wannan cip ya isa maƙwabcinsa cikin nanosakan 162 (nanosakan dubu ne ke yin maikirosakan ɗaya), alhali a manyan kwamfutocin zamanin yakan ɗauki maikirosakan ɗaya ko fiye. An kuma tsara shi yadda cip ba ya tambaya kafin a ba shi: mai bayani yana turawa kai tsaye zuwa inda ya san za a buƙata, mai karɓa yana ƙirga saƙonnin da suka iso, da sun cika ya fara aiki. Sakamakon shi ne taki guda yana kammala cikin maikirosakan goma sha wani abu. A kan wani sanannen gwaji mai atam 23,558, Anton na farko yana samar da kimanin maikirosakan 17 a rana. Anton 2, wanda aka bayyana a 2014, ya kai 85 a kan gwajin nan. Anton 3 ya biyo baya a 2021, kuma shi ƙarfinsa ya fi fitowa a kan manyan tsaruka masu miliyoyin atam.

Akwai wani ƙaramin abu da nake jin ya kamata a ambata, ko da yake bai shafi gudu kai tsaye ba. Anton yana lissafi da lambobi masu tsayayyen gurbi, saɓanin irin waɗanda kwamfutoci suka saba amfani da su a kimiyya, inda sauya jerin tarawa kan sauya lambar ƙarshe kaɗan. Wannan ya rage girman layukan lissafi, ya kuma sa idan aka maimaita kwaikwayo ana samun sakamako iri ɗaya har lambar ƙarshe. Duk wanda ya taɓa farautar kuskure a cikin lissafin biliyoyin taki zai san darajar hakan.

Me aka gani da wannan gudu? A 2011 tawagar ta nuna ƙananan furotin 12 suna naɗewa da kansu zuwa siffarsu ta asali, suna warwarewa, suna sake naɗewa, dukkansu an lissafa su da kundi guda na ƙa'idojin ƙarfin da ke tsakanin atam. A shekarar dai sun saki maganin kansar jini dasatinib a cikin ruwa kusa da furotin Src, ba tare da sun nuna masa hanya ba, ya yi ta kewaye har ya samu gurbinsa ya zauna yadda gwajin ɗakin bincike ya nuna. A 2012 sun bi yadda ƙofar sinadarin potashiyam da ke jikin tantanin halitta ke rufewa da buɗewa idan ƙarfin lantarki ya sauya, wanda shi ne tushen yadda jijiyoyi ke aika saƙo.

Sai dai wannan hanya tana da tsada ta fuska biyu. Ta farko kuɗi. Zana cip na musamman da buga shi aiki ne na shekaru da ƙwararru masu yawa, kuma ba kasuwar da za ta mayar da kuɗin, domin masu buƙatarsa a duniya ba su da yawa. Anton ba na sayarwa ba ne. Tun 2010 akwai guda a Cibiyar Manyan Kwamfutoci ta Pittsburgh a Amurka, wanda masu bincike na jami'o'in ƙasar ke neman lokaci a kansa ta hanyar gasa, amma inji ɗaya ina zai ishi dubban masana?

Abin da ya ishe su ya zo ta wata hanyar da ba a zata ba, wato katin hoto na wasannin kwamfuta, GPU. Zana hoto a fuskar kwamfuta shi ma lissafi ɗaya ne da ake maimaitawa a kan miliyoyin ɗigo a lokaci guda, don haka katin yana ɗauke da dubban ƙananan masu lissafi. Da kamfanin Nvidia ya fitar da CUDA a 2007, wanda ya sauƙaƙa rubuta manhajar kimiyya a kan katin, sai manhajojin fannin irin su NAMD da AMBER da GROMACS da OpenMM suka koma kansa ɗaya bayan ɗaya. Yau kati ɗaya mai kyau yana ba da ɗaruruwan nanosakan a rana a kan matsakaicin furotin, aikin da a da sai an tara ɗaki guda na kwamfutoci. Kuɗin binciken ƙera katin kuwa 'yan wasa ne suka biya, daga baya masu ƙirƙirarriyar basira suka karɓa. Idan aka tambaye ni wanne ya fi sauya rayuwar ɗalibin da ke wannan fanni, ba na jinkiri, GPU ne.

Amma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, kuma nan ne mutane ke yawan ruɗewa. GPU dubu ba za su ba ka dogon kallo guda na milisakan ba, saboda matsalar jiran nan. Abin da za su ba ka shi ne gajerun kallo dubu a lokaci guda. Wannan ma hanya ce mai ƙarfi. A kanta aka gina Folding@home, wanda Vijay Pande ya fara a Jami'ar Stanford a 2000, inda jama'a ke ba da aron kwamfutocinsu na gida. A 2020, lokacin annobar korona, masu sa kai sun yi yawan da jimillar ƙarfinsa ta haura lissafi biliyan sau biliyan a sakan, kafin kowace babbar kwamfuta guda ta kai wannan matsayi. Ana ɗinke gajerun kallon ne da lissafin yiwuwa: a rarraba siffofin furotin gida-gida, a ƙirga sau nawa yake tsallakawa daga wannan gida zuwa wancan, daga nan a fitar da labarin dogon lokaci. Dabarar tana aiki matuƙar gajerun kallon sun leƙa duk gidajen da ke da muhimmanci. Idan akwai wata siffa da furotin ba ya kai wa gare ta sai bayan doguwar tafiya, kuma ba wanda ya san da ita balle ya fara daga kusa da ita, to dogon kallo ne ya fi saurin tono ta.

Tsada ta biyu ita ce ta fi damuna, kuma ba a cika maganarta ba. Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan kundin ƙa'idojin ƙarfi, irin su AMBER da CHARMM da OPLS, waɗanda ke ɗaukar atam kamar ƙwallo mai tsayayyen caji, haɗin da ke tsakaninsu kuma kamar waya mai naɗi da ke miƙewa ta dawo. Kusantawa ce kawai. Ainihin abin da ke gudana aikin ilektiron ne, wanda sai lissafin kwantam, wato lissafin halayen abubuwa mafi ƙanƙanta irin su ilektiron ɗin, ke iya bayyanawa, shi kuwa ya fi tsada nesa ba kusa ba. A irin wannan kundi haɗin atam ba ya tsinkewa, sabo ba ya ƙulluwa, don haka ba a ganin sinadari yana rikiɗa zuwa wani. Inji mai gudu ba ya gyara kuskuren kundi, sai dai ya kai ka ga kuskuren da wuri. Haka kuwa aka yi. Dogayen kwaikwayo sun fallasa aibobin da gajeru suka ɓoye shekara da shekaru, misali furotin marasa tsayayyiyar siffa suna dunƙulewa a kwamfuta fiye da yadda suke a zahiri. Tawagar Shaw da kanta ta fitar da gyararrun kundaye da sabon samfurin ruwa saboda abin da injinta ya nuna mata. Ni ina lissafa wannan cikin manyan amfanin Anton, domin kowa ya ci gajiyar gyaran, har wanda bai taɓa ganin injin ba.

To amma wanda ya zana lissafi a jikin silikon ya yi caca ne cewa siffar lissafin ba za ta sauya ba har cip ɗin ya tsufa. Shekaru da dama cacar tana ci. Yanzu kiɗa ya fara sauyawa. Ana horar da ƙirƙirarriyar basira da sakamakon lissafin kwantam, ta koyi hasashen ƙarfin da ke kan kowane atam daga yanayin maƙwabtansa, da daidaito da ya kusanci na kwantam ɗin, har da tsinkewar haɗi. A 2020 wata tawaga ta ci kyautar Gordon Bell da manhajar DeePMD, bayan ta kwaikwayi atam sama da miliyan 100 ta wannan hanya a kan kwamfutar Summit. Irin wannan lissafi ninka manyan jadawalin lambobi ne, abin da GPU na zamani ya fi ƙwarewa a kai ke nan, ba abin da layukan tagwaye suka sani ba. Har yanzu ya fi tsohon kundi nauyi sosai a kowane taki, don haka bai karɓe fagen dogon lokaci ba. (Kada a haɗa wannan da AlphaFold, wanda ke hasashen siffar furotin a tsaye ba tare da nuna motsinsa ba. John Jumper, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024 saboda shi, ya yi aiki a D. E. Shaw Research kafin ya tafi karatun digirin digirgir.)

Akwai kuma hanya ta uku da ta fara bayyana, tsakanin inji mai aiki ɗaya da katin kowa da kowa. Kamfanin Cerebras yana ƙera cip guda daga faifan silikon sukutum, maimakon a yayyanka shi ƙanana, kuma samfuri na biyu na wannan cip yana da ƙananan ƙwaƙwale 850,000. Don ƙirƙirarriyar basira aka yi shi. A 2024 masu bincike daga ɗakunan gwaji na Sandia da Livermore da Los Alamos a Amurka, tare da injiniyoyin kamfanin, suka ba kowace ƙwaƙwalwa atam ɗaya, suka kwaikwayi ƙarfe mai atam 800,000. Da yake maƙwabcin kowane atam yana nan gefensa a kan silikon ɗaya, saƙo ba ya fita daga cip ɗin ko kaɗan, kuma sun ba da rahoton yawan taki a sakan da ya ninka na Frontier sau 179, alhali Frontier ce kwamfuta mafi ƙarfi a duniya a lokacin. Sai dai a ƙarfen da suka gwada kowane atam da na kusa da shi kawai yake hulɗa. Furotin a cikin ruwa yana da cajin lantarki mai kai wa nesa, kuma wannan ɓangaren, mai tilasta wa kowane yanki jin labarin kowane yanki a kowane taki ko biyu, shi ne ba a gwada a wancan aikin ba.